Fassara suna zuwa harsunan Elfawa: ayyuka uku da ake ɗauka ɗaya

Duk wanda ya shiga intanet yana neman a mayar masa da sunansa zuwa harshen Elfawa, wato mutanen nan masu tsawon rai na cikin littattafan J.R.R. Tolkien, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da manhajar da ta yi masa alkawarin hakan. Zai rubuta Ladi ko Bala ko Nura, ya danna, sai ga wasu haruffa masu lanƙwasa da ɗige-ɗige a kansu, kyawawa ƙwarai, irin waɗanda ake sha'awar a zana a zobe ko a buga a riga. Sau da yawa ba a fassara kome ba. Sunan yana nan yadda yake, riga kawai aka sauya masa. Abin da ake kira fassarar suna ayyuka ne guda uku mabambanta: rubuta sunan da haruffan Elfawa, lanƙwasa furucinsa ya dace da bakinsu, da kuma ɗauko ma'anarsa a sake gina ta da kalmominsu. Kowane ɗaya yana da ƙa'idarsa da tarkonsa, kuma na ukun ne kaɗai ya cancanci a kira shi fassara.

Na zaɓi in ce Elfawa maimakon aljanu domin a labaran Tolkien halittu ne masu jini da tsoka, suna aure, suna haihuwa, ana kashe su a fagen yaƙi, tsufa ne kawai ba ya kai su kabari. Su da kansu suna kiran kansu Quendi, wato masu magana. Ya kamata kuma a sani cewa Elfanci ba harshe ɗaya ba ne. Marubucin Polan Andrzej Sapkowski yana da nasa a labaransa, David J. Peterson kuma ya ƙirƙiri wani mai suna Shiväisith domin wani fim na 2013, kuma kalmomin waɗannan ba sa shiga cikin na Tolkien. Amma idan aka yi maganar fassara suna, galibi harsuna biyu ake nufi: Quenya, wanda ake furtawa Kwenya, da Sindarin.

Tolkien, wanda aka haifa a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, ya rasu a Ingila a 1973, masanin tarihin harsuna ne kafin ya zama marubucin labari. Ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford bayan yaƙin duniya na farko, ya kuma zama farfesa a jami'ar Oxford a 1925. Wajen 1915 ya fara tattara ƙamus na harshen da ya zama Kwenya, yana mai kwaikwayon amon harshen Finlan da ɗan Latin da Girkanci, shi kuwa Sindarin amon harshen mutanen Wales ya ɗauka. A wata wasiƙa da ya aika wa mawallafansa na Amurka a 1955 ya bayyana cewa harsunan su ne tushe, labaran kuma ya ƙaga su ne domin harsunan su sami duniyar da za su zauna. A cikin labarin, Kwenya ya zama harshen littafi da biki da sunayen sarauta, kusan matsayin Larabci a zauren malamai, Sindarin kuwa shi ne na yau da kullum. Muhimmin abin da mai neman fassara zai riƙe shi ne, Tolkien bai taɓa kammala ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma bai yi niyyar mutane su yi hira da su ba. Shekaru fiye da hamsin ya yi yana gyara, yana gogewa, yana sauya ra'ayi.

Aiki na farko, wato rubutu, shi ne mafi sauƙi, kuma wanda ya san ajami zai fahimce shi kafin wanda boko kaɗai ya sani. Haruffan da ake kira Tengwar suna da manyan baƙaƙe 24, kowanne an gina shi da sanda da lanƙwasa, sannan a tsarin da aka fi amfani da shi wasula alamomi ne da ake ɗorawa a kan baƙi, kamar fataha da kisira da rufu'a. Inda ake tuntuɓe shi ne, Tengwar ba ta da ƙa'ida ɗaya tak. Kowane harshe yana da nasa tsarin. A tsarin Kwenya, wasali yana hawa kan baƙin da ya gabace shi, domin kalmomin Kwenya sun fi ƙarewa da wasali. A tsarin Sindarin mai alamomi, yana hawa kan baƙin da ke biye da shi. Saboda haka rubutu ɗaya yana iya karantuwa iri biyu, gwargwadon tsarin da mai karatu ya ɗauka an bi. Sunayen Hausa, da yake kusan dukkansu da wasali suke ƙarewa, sun fi zama daram a tsarin Kwenya.

Akwai kuma matsalolin da suka shafe mu musamman. Tolkien bai tanadi haruffa domin ɓ da ɗ da ƙ da ts ba, don haka mai rubuta Ɗanjuma ko Ƙasimu da Tengwar dole ya yi irin dabarar da malaman ajami suka yi da haruffan Larabci, ya ari wani harafi ya ɗora masa sabon aiki, ko kuma ya haƙura ya bar ɗ ta koma d. Sannan Tengwar tana bambanta dogon wasali da gajere, abin da ajami ke yi amma boko ba ya yi, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo suke da rubutu ɗaya a boko. Manhajar da aka ba ta Musa ba ta da hanyar sanin cewa wasulansa biyu dogaye ne. Mafi muni shi ne wanda ya sauke tsarin haruffan a kwamfuta ya buga sunansa kai tsaye, domin tsofaffin tsare-tsaren sun jera haruffan a kan madannai bisa jadawalin Tengwar ne, ba bisa sauti ba, abin da zai fito kuwa shirme ne mai kyan gani.

Aiki na biyu shi ne lanƙwasa furuci, irin yadda Hausa ta mayar da Abubakar ya zama Habu, ko Aisha ta zama Indo a wani bakin. Tolkien da kansa ya yi hakan: a addu'o'in Kirista da ya fassara zuwa Kwenya, waɗanda aka buga bayan rasuwarsa, ya bar María da Yésus da sautinsu bai nemi ma'anarsu ba. Kwenya harshe ne mai tsantseni wajen sauti. Kalma ba ta farawa da baƙaƙe biyu a haɗe, ba ta ƙarewa sai da wasali ko ɗaya daga cikin t, s, n, l, r, kuma b da d da g ba sa tsayawa su kaɗai sai a cikin haɗi irin mb, nd, ld, rd, ng. Amina da Halima za su shiga ba tare da an taɓa su ba. Garba kuwa zai rasa g ɗinsa, kamar yadda kalmar itace ta zama alda a Kwenya alhali ita ce galadh a Sindarin. Bala ne abin dariya, domin a tarihin da Tolkien ya tsara wa harshen, b ta farkon kalma v take komawa, sai sunan ya zama Vala, wanda a labarin shi ne ɗaya daga cikin manyan halittun nan masu iko da aka ba riƙon duniya. Mutum ya zo neman a gyara masa furuci, ya tashi da sarautar da bai nema ba. Sindarin yana karɓar b da d da g, amma ya zubar da wasulan ƙarshe tun da daɗewa, shi ya sa basaraken da sunansa na Kwenya yake Findecáno ya koma Fingon a bakin masu Sindarin. A lura kuma cewa c a rubutun Tolkien k ce a kullum, ba c ta Hausa ba: Celeborn Keleborn ne.

Aiki na uku shi ne inda ilimin yake, kuma muna da misali daga hannun mai harshen. A wani babin rufewa da Tolkien ya rubuta wa littafinsa The Lord of the Rings amma ya cire shi, wanda ɗansa Christopher ya buga a 1992, akwai wasiƙar da Sarki Aragorn ya aika wa Sam, cikakken sunansa Samwise, ɗaya daga cikin jaruman labarin, a harshen Sindarin, a cikinta kuma an fassara sunan Sam da na 'ya'yansa. Samwise a tsohon Ingilishi yana nufin mai rabin hikima, sai ya zama Perhael, daga per, rabi, da sael, mai hikima. Sarkin har ya yi masa barkwanci cewa kamata ya yi a kira shi Panthael, mai cikakkiyar hikima. Rose, sunan fure, ya zama Meril. Frodo, sunan ɗan Sam da ya ci sunan babban jarumin labarin, wanda tushensa kalma ce mai nufin wanda shekaru suka koya wa hankali, ya zama Iorhael. A kowane ɗaya, Tolkien ya fara tono asalin sunan ne, sannan ya nemo saiwoyin da suka dace, wato tushen kalmomi, sannan ya haɗa su bisa dokar sauti ta harshen.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Per da sael ba su ba da Persael ba, domin a Sindarin baƙin farkon kalma yana sauyawa idan wata kalma ta jingina da shi, ɗabi'ar da Tolkien ya ɗauko daga harshen Wales: s ta koma h, p ta koma b, m ta koma v. Shi ya sa a waƙar yabon da aka yi wa Frodo da Sam bayan nasara, sunan Sam ya fito a matsayin Berhael, kuma mellon, aboki, idan aka sa masa kalmar nuni sai ya zama i vellon. Jam'i ma a cikin kalma yake sauyawa, adan, mutum, ya zama edain, amon, tudu, ya zama emyn, abin da ba zai ba mai cewa doki da dawaki mamaki ba. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauko kalmomi biyu ya manna su da juna ya yi daidai da baƙon da ya ce gida sarki maimakon gidan sarki. Akwai kuma ɗafa-ƙeya, wato gaɓar da ake manna wa ƙarshen kalma, da ke mayar da ita ta zama sunan mutum: -ion yana nufin ɗa, -iel 'ya, -wen budurwa, -ndil masoyin abu, -ndur kuma mai yi masa hidima. Arwen budurwa ce mai daraja, Isildur kuma bawan watan sama.

Idan aka zo kan sunayenmu, wahalar tana farawa tun kafin a taɓa Elfanci. Nura daga kalmar Larabci ce mai nufin haske, kuma Kwenya yana da cala, Sindarin yana da calad. Da sauƙi a ce Calion. Amma Nura sau da yawa gajarta Nuraddin ne, hasken addini, to rabin sunan ya riga ya faɗi a hanya. Bugu da ƙari, Calion yana da mai shi a labarin: Tar-Calion shi ne sarkin ƙarshe na tsibirin Númenor, wanda girman kansa ya jawo teku ta haɗiye ƙasarsa. Wanda bai karanta littattafan ba zai iya ɗaukar sunan yana murna. Abdullahi kuwa gininsa ya yi daidai da na Isildur ƙwarai, bawa da wanda ake bauta wa, kuma a labarin akwai Eru, Makaɗaici, mahaliccin kome, sunan da Tolkien ya yi amfani da shi a fassarar addu'o'insa. Ta fuskar nahawu, haɗin ba shi da wuya. Ta fuskar dacewa kuwa, ina ganin Musulmi yana da dalilin da zai tsaya ya yi tunani kafin ya musanya sunan Allah da suna daga ƙagaggen labari, kuma a ra'ayina irin waɗannan sunaye gara a tsaya a aiki na farko, a rubuta su da Tengwar a bar su yadda suke.

Ladi ta fi kowa nuna haɗarin bi ta Ingilishi. Sunan na macen da aka haifa ranar Lahadi ne. A ƙarin bayanin da ke ƙarshen The Lord of the Rings, makon Elfawa kwana shida ne: Elenya, Anarya, Isilya, Aldúya, Menelya da Valanya, wato ranakun taurari, rana, wata, itatuwa biyu, sama, da masu iko. Mutanen Númenor ne suka ƙara ranar teku ya zama bakwai. Mai fassarar da ya fara mayar da Lahadi zuwa Ingilishi zai ga sunan rana mai haske a ciki, sai ya miƙa hannu ga Anarya. Amma Lahadi ta Hausa ba ta da alaƙa da rana mai fitowa daga gabas. Daga Larabci take, ma'anarta ɗaya, wato ranar farko ta mako. Wanda ya bi wannan zai gina sunan a kan minya, na farko, ko kuma ya ce ranar farko a makon Elfawa ita ce Elenya, sai Ladi ta koma 'yar ranar taurari. Amsoshi uku ke nan, kowacce da hujjarta, kuma babu Ba'elfen da za a je a tambaya. Jummai ma ta fi tsanani, domin taruwar da Juma'a ke nufi ba ta da takwara a cikin waɗannan ranaku.

Da zarar an wuce suna guda an shiga jimla, sai nahawu ya tsaya a gaba. Kwenya yana manna wa suna ɗafa-ƙeya a inda Hausa ke sa kalma dabam: cirya jirgin ruwa ne, ciryanna zuwa jirgi, ciryallo daga jirgi, ciryassë a cikin jirgi, ciryar jirage, ciryat kuma jirage biyu da ke tafe tare. Yana kuma tilasta wa mai magana ya bambanta abin da Hausa ba ta bambantawa. Idan muka ce gidanmu, ba a san ko da wanda ake yi wa magana a ciki ko ban da shi ba. Kwenya yana da siffa dabam ga kowanne. Gaisuwar da Frodo ya yi wa Elfawan da ya haɗu da su a hanya, elen síla lúmenn' omentielvo, wato tauraro yana haskaka lokacin haɗuwarmu, a bugun farko na 1954 da omentielmo ta ƙare, sai Tolkien ya sauya ta a bugun da ya gyara a tsakiyar shekarun 1960 domin ya sake tsara wakilan sunan. Idan jimlar da aka riga aka buga ta sauya, to ina ga abin da ke cikin takardun da bai nuna wa kowa ba? A cikinsu akwai lokacin da lá take nufin a'a, akwai lokacin da take nufin i, daga baya kuma ta koma a'a.

Mafi yawan kalmomin da masu fassara ke ɗiba daga waɗannan takardu suke. Babbar rijiyar ita ce jerin saiwoyin da ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, wanda aka buga a 1987, amma a wancan lokaci harshen da ya zama Sindarin Noldorin ake kiransa, kuma dokokin sautinsa sun ɗan bambanta. Wanda ake yi wa laƙabi da Zaki zai sami rá a Kwenya da rhaw a Noldorin, sai ɗalibai su gyara na biyun ya zama raw bisa ƙa'idar da suka lura Tolkien ya bi a wasu kalmomi. Gyaran yana da hujja, amma nasu ne. Mujallu biyu, Vinyar Tengwar da Parma Eldalamberon, sun yi shekaru suna fitar da sauran takardun kaɗan-kaɗan, don haka kalmar da aka ƙirƙira domin cike giɓi tana iya zama kuskure ranar da aka gano cewa Tolkien yana da tasa. Daga nan ne aka sami abin da ake kira sabon Kwenya da sabon Sindarin. David Salo ne ya tsara maganganun Elfawa a finafinan The Lord of the Rings da Peter Jackson ya shirya daga 2001 zuwa 2003, kuma dole ta sa ya cike gurabe da yawa da nasa hasashen. Helge Fauskanger na ƙasar Norway ya kai ga fassara Sabon Alkawari zuwa sabon Kwenya. Carl Hostetter kuwa, editan Vinyar Tengwar, ya yi rubutu a 2006 yana sukar yadda ake cakuɗa kalmomin zamuna daban-daban a fito da harshen da Tolkien bai taɓa rubutawa ba. Ina ganin duka ɓangarorin suna da gaskiya a wurinsu, muddin mai fassara zai faɗi wace kalma ce ta Tolkien, wacce ce tasa. Masu kula a cikinsu sukan sa alamar tauraro a gaban duk kalmar da ba a same ta a rubutun Tolkien ba, alamar da manhajojin gaggawa ba sa nunawa.

Saura sunayen da ba su fassaruwa ko kaɗan. Tanko namiji ne da aka haifa bayan mata, Gambo wanda ya biyo tagwaye, kuma kowannensu labarin gida ne aka dunƙule a gaɓa biyu. Idan aka warware shi da Kwenya, jimla za a samu, ba suna ba. A nan al'adar Elfawan ce da kanta ta buɗe ƙofa, domin Tolkien ya tsara musu sunaye fiye da ɗaya, kamar yadda muke da sunan yanka da laƙabi. Uba yana raɗa nasa, uwa tana ba da nata, sannan akwai epessë, sunan da ake samu daga baya saboda hali ko kama ko wani abin da mutum ya yi. Galadriel, wata babbar mace cikin Elfawa, mahaifinta ya sa mata suna Artanis, mahaifiyarta ta kira ta Nerwen, sunan da duniya ta san ta da shi kuwa mijinta ne ya ba ta saboda hasken gashinta. Aragorn ma, tun kafin ya hau gadon sarauta, laƙabin da mutanen ƙauye suka manna masa saboda dogon takunsa ya ɗauka, ya mayar da shi Kwenya ya zama Telcontar, ya ce shi ne sunan gidansa. Tanko zai iya bin wannan hanya: ya bar Tanko a inda iyaye suka ajiye shi, ya duba ko maƙeri ne shi ko mai son dawaki ko mai yawan tafiya, ya ba mai fassara wannan ya yi aiki a kai. Idan mai son dawaki ne, Kwenya yana da rocco, doki, yana da -ndil, kuma Tolkien da kansa ya riga ya yi amfani da haɗinsu, Roccondil.